Kama da Wane Ba Ta Wane: Ƙirga Huji da Gane Siffa a Ilimin Lissafi

Da yawa daga cikinmu in aka ce lissafi, abin da ke zuwa mana a rai shi ne tarawa da ɗebewa da riba da faɗuwa a kasuwa. To, akwai wani reshe na lissafi da ba ruwansa da tsawon abu ko nauyinsa ko kuɗinsa. Sunansa tofoloji. Tambayar da ya sa a gaba ita ce, in an ba ka abu biyu, yaya za ka tabbatar siffarsu ɗaya ce ko daban take?

A wannan wata za mu duba ma'auni biyu da masanan wannan fanni ke aiki da su. Na farko ana kiransa homoloji, watau ƙirga huji da kogon da ke jikin abu. Na biyu homotofi, watau a duba ko za a iya lanƙwasa abu, a ja shi, a matse shi har ya koma siffar ɗaya abin, ba tare da an yanka shi ko an toshe masa huji ba. Abin da muke so mai karatu ya tafi da shi shi ne sanin inda ƙirga huji ya isa hujja da inda yake yaudarar mutum. Ba ƙaramar magana ba ce, domin shi kansa wanda ya kafa wannan ilimi sai da tambayar nan ta taɓa kayar da shi.

Ɗigo, zare da ƙyalle

Kafin a auna abu sai an san yadda aka gina shi. Masana suna gina siffofinsu kamar yadda tela ke haɗa riga. Da farko a ajiye ɗigo nan, ɗigo can. Sa'an nan a kawo zare, a ɗaura kowane bakinsa a jikin ɗigo. In an tsaya nan, an sami gini mai mataki ɗaya, kamar taswirar hanyoyin mota ko wayoyin lantarki. In an ci gaba, sai a kawo ƙyalle a ɗinke gefensa duka a jikin zaren da aka riga aka ɗaura. Wannan gini mai mataki biyu ke nan, kamar fatar ƙwallo. Mataki na uku shi ne a cika cikin da curi, kamar bulo. Henry Whitehead, Baturen Ingila wanda aka haifa a Madras ta ƙasar Indiya a 1904, ya kuma koyar a Jami'ar Oxford, shi ya tsara wannan hanyar gini a 1949 yadda ake koyar da ita a yau.

Ƙirga sassan gini kuwa ya girmi Whitehead nesa ba kusa ba. Ɗauki akwatin ashana. Yana da kusurwa 8, gefe 12, fuska 6. Ɗebe 12 daga 8, ka tara da 6, sai ka sami 2. Ɗauki tsohuwar ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari. Tana da fata 32, baƙaƙe 12 masu kusurwa biyar da farare 20 masu kusurwa shida, da layin ɗinki 90, da mahaɗa 60. Ɗebe 90 daga 60, ka tara da 32, nan ma 2 ce. Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, ya ambaci wannan abin mamaki cikin wasiƙar da ya aika wa abokinsa Goldbach a 1750, shi ya sa ake kiran sakamakon lambar Euler. Amma in ka zana gidaje a jikin tif, watau robar cikin tayar keke da ake hura wa iska, ka yi irin wannan ƙidaya, sifili za ka samu. Lambar ta gane cewa tif daban, ƙwallo daban.

Lambobi uku

A 1871 Enrico Betti na Italiya ya raba wannan lamba zuwa sassanta, Henri Poincaré na Faransa kuma ya gina cikakken ilimi a kai a 1895. Ga gini mai mataki biyu, lambobi uku ake nema. Ta farko lambar guntu, watau gunduwa nawa abin ya rabu. Ta biyu lambar huji, watau zagaye nawa za a iya yi a jikinsa waɗanda ba su zama gefen wani ƙyalle ba. Ta uku lambar kogo, watau wuri nawa ƙyalle ya rufe ruf, kamar inda iska ke zama cikin ƙwallo.

Zobe yana da guntu 1, huji 1, kogo 0. Fatar ƙwallo tana da 1, 0, 1, domin duk zagayen da ka zana a jikinta gefen wani yanki ne na fatar. Tif yana da 1, 2, 1. Hujinsa biyu ne saboda kana iya bin sa ka kewayo kamar yadda yake kewaye ƙafar keke, kana kuma iya ɗaura masa zare a wuya kamar munduwa, kuma cikin zagayen nan biyu ba wanda ya zama gefen wani yanki. In ka ɗebe huji daga guntu ka tara da kogo, lambar Euler ce za ta dawo: 2 ga ƙwallo, sifili ga tif.

Ƙugiyar da homotofi ba ya gani

Yanzu mu koma ga ma'auni na biyu, kuma haruffanmu na boko sun isa misali. A ce an yi harafin ɓ da ƙullu mai laushi. Tura ƙugiyar cikin sandar, ya zama b. Tura sandar ita ma cikin cikinsa, ya zama o. Ba ka yanka komai ba, ba ka toshe huji ba. Saboda haka a idon homotofi ɓ da b da ɗ da d da o duk abu ɗaya ne. Haka nan k da ƙ da t da y, kowannensu yana matsuwa har ya zama ɗigo guda. Babban harafin B kuwa ɗan'uwan lamba 8 ne. Ga mai karanta Hausa baki daban baƙi daban, kuma malami zai ja kunnen yaron da ya manta ƙugiya, amma homotofi ba ya ganinta sam. In abu biyu suka iya komawa juna ta wannan hanya, ana cewa suna da daidaiton homotofi. Witold Hurewicz, mutumin Poland, shi ya fito da wannan ma'ana a tsakiyar shekarun 1930.

Abu ɗaya tabbatacce ne: in abu biyu suna da daidaiton homotofi, lambobinsu na homoloji dole su zo ɗaya. Matsa da ja ba sa ƙara huji, ba sa rage kogo. Tambayar da ta ba masana wuya ita ce ta baya. In lambobin sun zo ɗaya, shi ke nan abubuwan ɗaya ne?

Inda ƙirga ya isa

A mataki na ɗaya amsar ita ce e, kuma ɗan sakandare zai iya bin dalilin. Ɗauki taswirar garuruwa da hanyoyi wadda ake iya zuwa ko'ina daga ko'ina. Zaɓi hanyoyi daidai gwargwadon waɗanda za su haɗa garuruwan duka ba tare da an yi zagaye ba. In garuruwan 10 ne, hanya 9 za ka zaɓa, kullum kasa da yawan garuruwa da ɗaya. Waɗannan hanyoyi kamar itace ne mai rassa, kuma itace yana matsuwa ya zama ɗigo kamar yadda k ta yi. Da ka matse shi, kowace hanya da ta rage sai bakinta biyu su haɗu a wannan ɗigo, ta zama zobe. Ƙarshen kowace taswira ke nan: damin zobba mai maɗauri ɗaya, kamar tsintsiya. Yawan zobban kuwa shi ne yawan hanyoyi a ɗebe yawan garuruwa a tara da ɗaya, lambar huji ke nan. Taswira biyu masu lambar huji ɗaya, dami iri ɗaya za su koma.

Birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha, yana da yanki 4 da gada 7 lokacin da Euler ya yi nazarinsa a 1736. Ɗebe 4 daga 7 ka tara da 1, zobe 4 ke nan. A 1847 Gustav Kirchhoff na Jamus ya yi amfani da wannan ƙidaya a kan wayoyin lantarki, inda ta nuna yawan zagayen da dole a yi wa lissafi kafin a san wutar da ke bin kowace waya. Masu koyon aikin lantarki har gobe da ita suke aiki.

Akwai wuri na biyu da ƙirga ya isa, watau rufaffun fatu marasa baki, irin su ƙwallo, tif, da tif biyu da aka haɗa gefe da gefe. Sai dai a nan dole a ƙara kula da wani abu da za mu kira murɗiya. A wasu siffofi akwai zagayen da in ka bi shi sau ɗaya huji ne, in ka bi shi sau biyu sai ya zama gefen ƙyalle. Poincaré ya shigar da murɗiya cikin homoloji a 1900, bayan Poul Heegaard na Denmark ya nuna masa giɓi a aikinsa a 1898. Kwalbar Klein, wata fata da ba ta da ciki da waje, lambarta ta Euler sifili ce kamar tif, amma tana da murɗiya, tif ba shi da ita. In an haɗa lambobin da murɗiya, kowace rufaffiyar fata ana gane ta ba kuskure. Max Dehn da Heegaard suka kammala jerin waɗannan fatu a 1907.

Igiya da bishiya biyu

To, ina matsalar take? Ga gwaji wanda kowa zai iya yi. Nemi fili mai bishiya biyu, mangwaro da darbejiya. Kafa turke a gabansu, ka ɗaura bakin doguwar igiya. Kewaya mangwaro ta dama ka dawo turke, mu kira wannan tafiya a. Kewaya darbejiya ta dama ka dawo, wannan b. Sa'an nan kewaya mangwaro ta hagu, mu rubuta A, ka kewaya darbejiya ta hagu, mu rubuta B. Ɗaura ɗaya bakin a turke, ka ja igiyar.

Mai ƙirga zai ce mangwaro an kewaye shi sau ɗaya ta dama sau ɗaya ta hagu, saura sifili, darbejiya ma haka, don haka igiya za ta taho. Ja ka gani, ba za ta taho ba. Ta sarƙe. Da a ce ka bi tsarin a, A, b, B, da ta zo hannunka salin alin. Amma tsarin a, b, A, B ya sa darbejiya ta shiga tsakanin tafiya da dawowar mangwaro, ta hana su kashe juna. Abin mamaki kuma, in aka sare bishiya ɗaya, ko wacce ce, igiyar za ta saki ɗayar nan take.

Bambancin ma'aunan nan biyu ke nan gaba ɗaya. Homoloji yana ƙirga sau nawa aka kewaya, ya manta wanda ya riga wani. Homotofi yana riƙe da jerin. Tarin duk zagayen igiya da ke yiwuwa a cikin siffa, tare da jerinsu, shi Poincaré ya kira rukunin tushe. Homoloji na huji shi ne abin da ya rage na wannan rukuni bayan an zubar da jeri.

Tif da mai kama da shi

Yanzu mu ga yadda wannan mantuwa ke jawo kuskure a mataki na biyu. Ɗauki ƙyalle mai kusurwa huɗu. Ɗinke gefen sama da na ƙasa, ya zama bututu. Lanƙwaso bututun ka ɗinke bakinsa biyu, ya zama tif. Kusurwa huɗun nan sun haɗu a ɗigo ɗaya, gefe huɗun sun zama zare biyu, a da b. In ka bi gefen ƙyallen ka kewayo, tafiyar da za ka yi ita ce a, b, A, B, daidai da ta igiyarmu.

Ga gini na biyu. Ɗauki zobe biyu ka haɗa su a ɗigo ɗaya kamar lamba 8. Kawo ƙyalle, ka tattara gefensa duka ka ƙulle a wannan ɗigo, kamar yadda ake ƙulle gishiri a leda. Ka sami zobe biyu da ƙunshi ɗaya. Ƙirga: guntu 1, huji 2, kogo 1. Daidai da tif, kuma babu murɗiya a ko wanne. Homoloji ya ce tagwaye ne.

Amma sa igiyar a, b, A, B a jikin tif. Tunda ita ce gefen ƙyallen, kana iya jan ta ta kan ƙyallen zuwa tsakiyarsa har ta zama ɗigo. Sa ta a gini na biyu, sai ta sarƙe a zobban kamar yadda ta sarƙe a bishiyoyi, domin ƙunshin a ɗigo ɗaya kaɗai ya taɓa su, ba shi da hanyar taimakon ta. Ashe ba tagwaye ba ne, kuma ba yadda za a matsa ɗaya ya koma ɗaya. Homoloji ya ruɗe ne saboda da ya ƙirga ɗinkin tif ya sami sifili da sifili, bai bambanta shi da ƙyallen da bai taɓa zare ba ko kaɗan.

Tuntuɓen Poincaré

A 1900 Poincaré ya rubuta cewa duk rufaffiyar siffa mai mataki uku wadda homolojinta ya yi daidai da na ƙwallon mataki uku, to ƙwallon ce. A 1904 shi da kansa ya kawo misalin da ya rushe maganar. Daga baya masana suka sami hanya mai sauƙi ta bayyana misalin. Ɗauki curi mai fuska 12, kowace fuska mai kusurwa biyar, yana da kusurwa 20 da gefe 30. Manna kowace fuska da wadda ke bayanta, bayan ka juya ta kashi ɗaya cikin goma na cikakken juyi. Ba a iya yin wannan da hannu a ɗaki, a takarda ake yi. Bayan mannawa, saura ɗigo 5, zare 10, ƙyalle 6.

In aka fitar da cikin curin aka bar wannan gini mai mataki biyu, lambobinsa guntu 1, huji 0, kogo 0, ba murɗiya. Watau homoloji bai ga bambancinsa da ɗigo guda ba. Alhali kuwa akwai zagayen igiya iri 120 a cikinsa, ɗaya kaɗai ke matsuwa, sauran 119 duk a sarƙe suke. Kowannensu an haɗa shi ne da irin sarƙar nan ta a, b, A, B wadda ƙirga ba ya gani.

Daga nan Poincaré ya gyara tambayarsa: in kowace igiya tana matsuwa fa, siffar ƙwallon ce? An yi kusan shekara ɗari ana fama da ita, har Grigori Perelman na Rasha ya sa hujjarsa a intanet a 2002 da 2003, ya nuna amsar e ce. An ba shi lambar yabo ta Fields a 2006 ya ƙi karɓa, Cibiyar Clay ta Amurka ta ba shi dala miliyan ɗaya a 2010, ita ma ya ƙi.

Sharaɗin Whitehead

Whitehead ne ya fayyace iyakar amanar homoloji a 1949. In gini biyu kowanne guntu ɗaya ne, kowace igiya tana matsuwa a cikinsu, kuma akwai hanyar ɗora ɗaya kan ɗaya ba yanka wadda ta dace da homolojinsu daki-daki, to suna da daidaiton homotofi. A mataki na biyu wannan ya ba da sakamako mai kyau: duk ginin da igiya ba ta sarƙewa a cikinsa, damin ƙwallaye ne mai maɗauri ɗaya, kuma lambar kogo ta isa ta faɗi ko nawa ne. A mataki na uku ma homoloji ya isa ga irin waɗannan gine-gine. Sai a mataki na huɗu abin ke wargajewa, saboda wata sabuwar hanyar ɗinki da Heinz Hopf ya gano a 1931.

Kada mai karatu ya ɗauka mataki na biyu an gama da shi. A 1972 Martin Dunwoody na Ingila ya kawo gini biyu masu rukunin tushe ɗaya da lambar Euler ɗaya, amma ba su da daidaiton homotofi. Akwai kuma tambayar da Whitehead ya yi tun 1941 a kan gine-ginen ƙyalle wadda har yanzu ba a amsa ta ba.

Me ya sa ba a yar da homoloji ba?

Mutum zai ce, tunda homotofi ya fi gani, me za a yi da ma'aunin da ke mantuwa? Amsar ita ce araha da tabbas. Homoloji tarawa da ɗebewa ne a jere, kwamfuta tana gama shi ko ɗigon ya kai dubbai. Homotofi kuwa, a shekarun 1950 Sergei Adian a Rasha da Michael Rabin sun kafa hujjar da ta nuna cewa ba za a taɓa samun tsari guda da zai karɓi kowane gini mai mataki biyu ya faɗi ko duk igiyoyinsa suna matsuwa ba. Ba ƙarancin ƙarfin inji ba ne, tsarin ne babu shi.

Saboda haka ake aiki da homoloji a inda ya dace. Alal misali, a 2007 Vin de Silva da Robert Ghrist sun nuna yadda za a baza ƙananan na'urorin tsaro a fili, waɗanda ba su san inda suke ba sai dai maƙwabtan da suke ji. A mai da kowace na'ura ɗigo, biyu masu jin juna a haɗa su da zare, uku masu jin juna a sa musu ƙyalle, sa'an nan homoloji ya tabbatar an rufe filin ba a bar giɓi ba. In lambobi suka bambanta, hukunci ya yanke, siffofin daban suke. In suka zo ɗaya, mai hankali zai ɗauko igiya ya sake dubawa.

Ga malamai da iyaye, wannan darasi ba ya bukatar ɗakin gwaji. Akwatin ashana, tsohuwar ƙwallo, tif da ya fashe, ƙusa biyu a jikin katako da zare kamu uku sun isa. A sa yaro ya rubuta HAUSA da manyan haruffa ya ƙirga, zai sami guntu 5 da huji 2. Sa'an nan a ba shi ƙusa biyun ya rataya hoto yadda in an zare ko wacce hoton zai faɗi. Wanda ya iya wannan, a ƙara masa ƙusa ta uku. Akwai hanya, sai dai zaren zai ƙara tsawo.